Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Taswirar Kwara

An haifi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a shekarar 1781. Ya yi karatu wajen mahaifinsa da baffansa Abdullahi, ya zama ɗaya daga cikin jagororin jihadi, shi ne kuma ya kafa birnin Sakkwato a 1809. Da Shehu ya yi wafati a 1817 aka yi masa mubaya'a.

Jama'a sun fi saninsa da yaƙi da shari'a, amma yana da wani fanni da ba a cika ambata ba, wato sanin ƙasashe. A 1812 ya wallafa Infaƙul Maisuri. Kafin ya shiga labarin jihadi sai da ya bi ƙasashen Takrur ɗaya bayan ɗaya, tun daga Darfur da Wadai da Bagarmi zuwa Barno da Ahir da ƙasar Hausa, yana faɗin mutanensu da malamansu. A nan ne ya kawo labarin Amina 'yar Sarkin Zazzau, da yadda Kano da Katsina suka bi ta, da rasuwarta a Atagara. Mutanen Zariya ba ƙaramin bashi wannan littafi yake binsu ba.

A 1824 wani Bature mai suna Clapperton ya iso Sakkwato daga Ingila, yana neman inda kogin Kwara ya ƙare. Bello ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi taswirar ƙasashen Sudan da bayanin Larabci, aka buga ta a Landan a 1826. Sai dai taswirar ta nuna Kwara ta miƙe gabas har ta zama Nilu ta Masar, alhali Clapperton ya ba da labarin cewa tun farko Sarkin Musulmi ya zana masa a ƙasa kogin yana faɗawa teku. Masana tarihi da dama suna ganin da gangan aka karkatar da kogin, don kada jiragen Turawa su sami ƙofar shigowa. Labarin yadda Ingilishi suka cinye Indiya kuwa ya isa Sakkwato, kuma da Clapperton ya komo bai sami fuska irin ta farko ba. Can ya mutu a 1827.

A 1830 Richard Lander da ƙanensa suka bi kogin har teku. Bello ya rasu a Wurno a 1837, can ne kabarinsa yake. Allah ya jiƙansa da rahama.