Esther Afua Ocloo (1919-2002): Daga Sule Goma Zuwa Bankin Mata na Duniya

1.0 Gabatarwa

A mafi yawan ƙasashe masu tasowa, mata ne suke riƙe da ƙananan sana'o'in da gida yake ci da su, kamar noman rani da sarrafa abinci da saye da sayarwa a kasuwa. Duk da haka, da wuya a ga banki ya ba irin waɗannan mata rance, domin ba su da fili ko gida da sunansu da za su jinginar. Wannan darasi ya dubi rayuwar Esther Afua Ocloo, 'yar ƙasar Gana, wadda ta ɗanɗana wannan matsala da kanta, sannan ta haɗa kai da wasu mata daga Amurka da Indiya domin a samar mata da magani.

2.0 Asalinta da Karatunta

An haifi Esther ranar 18 ga watan Afrilu, 1919, a garin Peki Dzake da ke yankin Bolta, a lokacin da ƙasar take ƙarƙashin mulkin Turawan Ingila da sunan Gold Coast. 'Yar ƙabilar Ewe ce, kuma sunan gidansu Nkulenu. Mahaifinta maƙeri ne, mahaifiyarta kuwa maginiyar tukwane ce, tana kuma taɓa noma. Ke nan ta tashi a gidan da ake cin abinci da aikin hannu.

Ta fara karatu a makarantar mishan ta garinsu. Saboda hazaƙarta ta sami tallafin shiga makarantar Achimota da ke kusa da birnin Akkara, wadda a wancan zamani take cikin manyan makarantun Afirka ta Yamma. Ta yi karatu a can daga 1936 zuwa 1941.

3.0 Fara Sana'a

Bayan ta kammala makaranta ba ta sami aikin albashi ba. Wata gwaggonta ce ta ba ta sule goma, wato rabin fam. Daga cikin wannan kuɗi ta sayi lemo da sukari da itacen girki da kwalabe, ta dafa jam ɗin lemo, irin wanda ake shafa wa burodi, ta cika kwalba 12. Ta bi titunan Akkara tana talla, tana sayar da kowace kwalba sule ɗaya. Waɗanda suka yi makaranta tare suka riƙa yi mata ba'a, domin a ganinsu talla aikin wanda bai yi boko ba ne. Wannan bai sa ta fasa ba.

Ba da jimawa ba tsohuwar makarantarta ta ba ta kwangilar kawo jam da ruwan lemo ga ɗalibai. Daga nan ta sami kwangilar kai wa sojoji irin waɗannan kaya a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Albarkacin wannan kwangila ne ta iya karɓar rancen banki, ta kafa kamfanin sarrafa abinci mai suna Nkulenu Industries a farkon shekarun 1940. Abin lura a nan shi ne, ƙwarewarta ba ta isa ta buɗe mata ƙofar banki ba sai da wata babbar hukuma ta tsaya a bayanta. Ba ta manta da wannan darasi ba har ƙarshen rayuwarta.

Daga 1949 zuwa 1951 ta je Ingila ƙaro ilimi. Ta koyi girki a Landan, ta kuma koyi dabarun adana abinci a cibiyar bincike ta Long Ashton da ke ƙarƙashin Jami'ar Bristol. Da ta dawo sai ta mai da hankali ga zuba abincin gargajiya a gwangwani, musamman miyar kwakwar manja, domin amfanin gona ya daina ruɓewa a lokacin kaka.

4.0 Jagoranci a Cikin Gida

Gana ta sami 'yancin kai a 1957, amma zukatan masu saye suna ga kayan Ingila, ana ganin na gida ba su da inganci. Don haka a 1958 Esther ta jagoranci kafa ƙungiyar masu masana'antu ta Gana, ta zama shugabarta ta farko, ta kuma taimaka wajen shirya bajekolin farko na kayan da aka yi a ƙasar. A 1964 aka naɗa ta shugabar hukumar kula da abinci da gina jiki ta ƙasa. Bugu da ƙari, ta horar da mata da yawa kan sarrafa abinci da rini da lissafin ciniki, domin ta lura cewa mace tana iya wuni tana sayar da kaya ba tare da ta san ko riba ta ci ko faɗuwa ta yi ba.

5.0 Taron Meksiko da Kafa Bankin Mata

A 1975 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya taron mata na duniya na farko a birnin Meksiko. A wajen wannan taro ne Esther ta jaddada cewa babbar buƙatar mata masu ƙananan sana'o'i ita ce hanyar samun rance. Ra'ayinta ya zo daidai da na wasu mata biyu. Ta farko ita ce Michaela Walsh, Ba'amurkiya wadda ta ƙware a harkar hannun jari a New York. Ta biyu kuwa Ela Bhatt ce ta Indiya, wadda ta kafa ƙungiyar mata masu sana'ar kansu ta SEWA a birnin Ahmedabad a 1972, ƙungiyar da ta buɗe bankinta a 1974.

Kowace daga cikinsu ta zo da abin da sauran ba su da shi. Walsh ta san yadda manyan bankuna suke tunani, Bhatt ta san yadda ake tara matalauta a inuwa ɗaya, Esther kuwa ta san halin da mai ƙaramin jari take shiga. Daga wannan haɗuwa aka kafa Women's World Banking, wato Bankin Mata na Duniya, wanda aka yi wa rajista a ƙasar Holan a 1979. Esther ce ta fara shugabantar kwamitin amintattunsa, daga 1979 zuwa 1985, Walsh kuma tana gudanar da ayyukansa na yau da kullum.

Duk da sunansa, ba banki ba ne da ake zuwa a ajiye kuɗi. A farkon lamari aikinsa shi ne tsaya wa mata. Matan kowace ƙasa sukan kafa reshensu da kansu, su tantance masu neman rance, su koya musu riƙon kuɗi. Idan bankin ƙasar ya ba da rance, sai a raba haɗarin rashin biya tsakanin uwar ƙungiya da reshe da shi bankin. Ta haka tsayawar ƙungiya ta maye gurbin jingina, kamar yadda kwangilar sojoji ta yi wa Esther a da. An sami irin waɗannan rassa a Kenya da Indiya da Kolombiya da ita kanta Gana.

6.0 Karramawa da Rasuwarta

A 1990 aka ba ta lambar yabo ta jagorancin Afirka kan yaƙi da yunwa, tare da Janar Olusegun Obasanjo na Nijeriya, kuma ita ce mace ta farko da ta karɓi wannan lamba. Ta rasu a Akkara ranar 8 ga watan Fabrairu, 2002, sakamakon ciwon huhu, tana da shekara 82. Gwamnatin Gana ta yi mata jana'izar girmamawa, aka binne ta a mahaifarta.

7.0 Kammalawa

Rayuwar Esther Ocloo ta nuna cewa taimakon ƙasashen waje ya fi amfani idan waɗanda abin ya shafa ne suka faɗi abin da suke buƙata, suka kuma riƙe ragamar aikin. Ita ta dace da gwaggo mai kyauta da makarantar da ta yarda da ita. Da ta ga ba kowace mace ce take samun irin wannan dace ba, sai ta yi aiki domin ya zama tsari wanda kowace mai sana'a za ta iya dogara da shi.

Auna Fahimta

1. Bayyana yadda Esther ta fara sana'arta da irin ƙalubalen da ta fuskanta.
2. Wace gudummawa kowace daga cikin matan nan uku ta bayar wajen kafa Bankin Mata na Duniya?
3. Kwatanta tsarin tsaya wa mai rance da tsarin adashi.