SHEHU LAMINU, MALAMIN DA YA RIƘE ALƘALAMI CIKIN YAƘI

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, yau za mu waiwayi tarihin Shehu Muhammadul Amin Alkanemi, wanda aka fi sani da Shehu Laminu.

An haife shi a ƙasar Fezzan wajen shekarar 1776, mahaifinsa malami ne Bakanembe. Ya yi karatu, ya sauke farali, sa'an nan ya zauna a Ngala yana karantarwa. A shekarar 1808 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Gwani Mukhtar suka ci Birnin Gazargamu, hedikwatar Barno, wanda kufansa yake tsallaken Komadugu, ba nisa da Maine-Sorowa. Mai Dunama ya nemi taimakon wannan malami, Allah kuwa Ya ba su nasara, birnin ya komo hannunsu.

Abin lura a nan shi ne, ɓangarorin biyu alƙiblarsu ɗaya, ga shi kuma babu wani sarki na uku da zai shiga tsakani. Sai Shehu Laminu ya ɗauki alƙalami ya rubuta wa jagororin jihadi, yana neman hujjar yaƙar mutanen da ke salla da azumi, yana mai kafa dalilin cewa saɓo bai fitar da mutum daga Musulunci. Muhammadu Bello ya amsa, ya kawo tasu hujjar, cewa sarakunan Barno sun goyi bayan masu yaƙar jama'ar Shehu Usmanu. Bello ya taskace wasiƙun nan cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, har da maganar abokin jayayyarsa. Wannan adalci ne na malamai.

Wasiƙu ba su kashe wutar nan take ba. Shehu Laminu ya kafa Kukawa a 1814, ya kuma tasar wa ƙasar Kano wajen 1826, Yakubun Bauchi ya tare shi. Amma da yake ƙofar magana ba ta rufe ba, daga baya kowace daula ta tsaya a iyakarta. Ya rasu a 1837, ɗansa Umar ya gaje shi.

A zamaninmu ƙasashe ne ke shiga tsakani. Aljeriya da Burkina Faso da Faransa suka taimaka aka ƙulla yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 a Nijar, Cadi kuma ta karɓi baƙuncin ta Injamena a 1998, tsakanin gwamnati da 'yan tawayen gabashin ƙasa. Amma mai sulhu daga waje ba ya ɗinke ɓaraka sai masu rigima sun yarda su saurari juna, kamar yadda magabatan nan suka yi. Suratul Hujurati ta ɗora mana wannan nauyi, mu malamai da limamai da dattawan unguwa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasar Diffa lafiya, amin.