Sidney Farber

Sidney Farber (30 ga Satumba 1903 – 30 ga Maris 1973) likita ne ɗan ƙasar Amurka, masanin cututtukan yara. Ana ɗaukarsa a matsayin uban maganin ciwon daji da ƙwayoyi da allurai, wato kemoterafi. Binciken da ya yi a kan bitamin B9, wanda aka fi sani da folik asid, shi ya kai ga samo magani na farko da ya lafar da sankarar jini a jikin yara.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a birnin Buffalo na jihar New York, shi ne na uku cikin 'ya'ya 14. Ya gama Jami'ar Buffalo a 1923, ya fara karatun likita a Jamus, sannan ya kammala a Harvard a 1927. A 1929 ya zama likitan binciken cututtuka na dindindin na farko a Asibitin Yara na Boston.

Bincike kan folik asid

A wancan zamani, yaron da ya kamu da sankarar jini mai tsanani ba ya wuce 'yan makonni ko watanni a raye. Tun 1931 likita Lucy Wills ta gano a birnin Bombay na Indiya cewa wani sinadari da ke cikin yis yana warkar da ƙarancin jini ga masu juna biyu. Daga baya aka gane folik asid ne. Da yake ita ma sankarar jini daga ɓargo take tasowa, Farber ya zaci wannan bitamin zai taimaka, sai ya bai wa wasu yara nau'o'insa. Maimakon sauƙi, cutar ta ƙara sauri, domin ƙwayoyin daji su ma da folik asid suke hayayyafa.

Wannan ya sa ya nemi sinadarin da zai hana ƙwayoyin amfani da bitamin ɗin. Masanin sinadarai ɗan Indiya, Yellapragada Subbarow, na kamfanin Lederle, ya samar masa da aminopterin, wanda ke kama da folik asid amma yana toshe aikinsa. An fara gwada shi a Disamban 1947. A rahoton da aka buga ranar 3 ga Yuni 1948, yara 10 cikin 16 sun sami sauƙi na ɗan lokaci, kafin cutar ta dawo.

Tasiri

Daga dangin aminopterin aka samo methotrexate, wanda ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ana amfani da shi wajen maganin sankarar jini da dajin Burkitt, wanda ya fi yawa a tsakanin yaran Afirka, ciki har da Najeriya. Wannan bai rage amfanin folik asid ga masu buƙatarsa ba: ana ba mata a wajen awon ciki, ana kuma ba masu sikila. Sai dai aikin Farber ya nuna cewa bitamin na iya cutar da mai ciwon daji, shi ya sa ake son majinyaci ya tambayi likitansa kafin ya sha.

Farber ya kafa gidauniyar binciken dajin yara a 1947, ya sami lambar yabo ta Lasker a 1966. Tare da Mary Lasker ya yi fafutukar da ta kai ga dokar yaƙi da ciwon daji ta Amurka ta 1971.

Mutuwa

Ya mutu a ofishinsa a Boston sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 69. Cibiyar da ya kafa ita ake kira Dana-Farber tun 1983.