Rachel Carson: Ta Yi Rubutu Tana Fama Da Ciwon Dajin Nono

'Yan uwa mata, da yawanmu mun san maganin ƙwarin nan DDT, amma ba kowa ya san matar da ta tona illarsa ba. An haifi Rachel Carson a 1907 a ƙasar Amurka, masaniya ce kan halittun ruwa.

A Afrilun 1960 aka cire mata nono. Likitan bai faɗa mata gaskiyar ciwon ba, abin da har gobe ake yi wa wasu mata, wai don kar hankalinsu ya tashi. Sai da ta je wurin Dakta George Crile sannan ta san ciwon daji ne, kuma ya yaɗu. Daga baya ya kai ga ƙashi, tafiya ma ta zame mata aiki.

A haka ta kammala littafinta Silent Spring a 1962. Ta ɓoye wa duniya ciwon, don kar kamfanonin maganin ƙwari su samu abin faɗa. Ga kuma rainon Roger, maraya jikan yayarta. Wadda ba ta ɓoye wa komai ba ita ce aminiyarta Dorothy Freeman. Ɗaruruwan wasiƙu suka rubuta wa juna, a ciki take faɗin zafin ciwo da tsoronta ba kunya.

Ta rasu ranar 14 ga Afrilu 1964 tana da shekara 56. Editanta Paul Brooks da matarsa ne suka riƙe Roger.