Mechnikof: Mutumin da ƙaya ta buɗe wa ido

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Ɗambatta ya san ƙayar aduwa. Ka taka ta a gona, ta karye a ciki, bayan kwana biyu wurin ya kumbura, ya ɗau zafi, ya tara mugunya. Ni da, na ɗauka mugunyar nan ita ce cutar. Sai a darasin garkuwar jiki na ci karo da tarihin Iliya Mechnikof, wanda shi ma ƙaya ce ta buɗe masa ido.

An haife shi a 1845 a wani ƙauye kusa da Karkif, a daular Rasha, yanzu cikin Yukiren. Akwai shi da ƙwaƙwalwa, don karatun jami'a na shekara huɗu a shekara biyu ya gama shi. Amma rayuwa ba ta raga masa ba. Tarin fuka ya kashe matarsa ta fari a 1873, ta biyun kuma taifot ya kusa ɗauke ta a 1880. Sau biyu baƙin ciki na kai shi ga yunƙurin halaka kansa, sai dai yana da sauran kwana.

A 1882 ya ajiye koyarwa a Odesa, ya koma Mesina ta Italiya yana nazarin halittun teku. Akwai wata mai siffar tauraro wadda 'ya'yanta garai-garai suke, ana hango cikinsu. Ya samo ƙayoyi a lambu ya soka musu. Washegari da ya duba a madubin likita, sai ga wasu ƙwayoyi masu yawo sun yi wa ƙayar zobe. Nan ya gane cewa irin wannan aikin fararen ƙwayoyin jininmu suke yi: su ruga wurin rauni su haɗiye ƙwayoyin cuta. Ashe kumburi yaƙi ne jiki yake yi, mugunya kuwa akasari gawarwakin mayaƙan ne.

Masanan Jamus da yawa sun ƙi yarda, suka ce ruwan jini ne ke kashe cuta. Shekaru aka yi ana kai ruwa rana. Luwi Fasto ya ba shi gurbi a cibiyarsa ta Faris a 1888, a 1908 kuma aka raba kyautar Nobel tsakaninsa da Fol Erlik na wancan ɓangaren. Ashe kowa da gaskiyarsa.

Mechnikof ya ga mayaƙan, amma bai riski mai kiransu ba. Sai a 1987 aka gano IL-8, sinadarin da jiki ke fitarwa a wurin rauni, fararen ƙwayoyin su bi sawunsa. Yau da gwajin ELISA, a faranti mai ramuka 96, ana auna shi a jini ko ruwan laka, gwargwadon yawansa gwargwadon kaurin launi. A ruwan lakar mai sanƙarau yakan hau sosai, kuma in kiran ya yi yawa, mayaƙan kan yi wa jikin da suke karewa ɓarna.

A ƙarshen rayuwarsa kullum sai ya sha madara mai tsami, dangin kindirmonmu, yana ganin tana ƙara lafiya da tsawon rai. Ciwon zuciya ya ɗauke shi a Faris a 1916, yana da shekara 71.

'Yan uwana ɗalibai, mu da muke kukan ƙarancin kayan aiki, mu tuna cewa ƙaya da madubi da naci kawai mutumin nan ya riƙe.