Adolf Fick, likitan da ake amfani da ƙa'idarsa wajen lissafa yadda magani ke ratsa fata

An haifi Adolf Fick a birnin Kassel na ƙasar Jamus ranar 3 ga watan Satumba na 1829. Lissafi ne ya fara ɗauke masa hankali, amma ya ƙare da karatun likita a jami'ar Marburg, inda ya kammala a 1851. Son lissafin dai bai rabu da shi ba.

A 1855, yana aiki a birnin Zurich, ya wallafa binciken da ya ɗaukaka sunansa. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: gishiri, ruwa da bututun gilashi. Ya sa gishiri a gindin bututun, yana sabunta ruwan da ke sama, yana auna yadda gishirin ke hawa. Sai ya gano cewa abu na tashi daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci. In bambancin ya ƙaru, tafiyar ta ƙara sauri. In nisan ya ƙaru, ta ragu. Tsarin lissafin ya aro shi ne daga Bafaranshe Joseph Fourier, wanda ya yi nazari kan yaɗuwar zafi.

Fick bai yi aiki kan maganin liƙawa ba, domin sai a 1979 aka amince da na farko a Amurka, na hana jiri da amai a tafiya. Amma da ƙa'idarsa masu haɗa magunguna ke lissafa yawan maganin da zai shiga jini a kowace awa. Babban shingen shi ne ɓawon saman fata, wanda bai kai kaurin silin gashi ba. A ninka faɗin abin liƙawar, maganin da ke shiga ya ninku. Ƙa'idar kuma ba ruwanta da magani ne ko guba, shi ya sa mayukan sauya launin fata masu kortikoyid ke da haɗari: suna sirantar da fatar, abin da ke ratsawa ya ƙaru.

A 1868 ya zama farfesa a Würzburg. Shekara biyu bayan haka ya fito da dabarar auna yawan jinin da zuciya ke turawa a minti guda, ta hanyar lissafa iskar oksijin da jiki ke sha. Ya mutu ranar 21 ga Agusta 1901 a Blankenberge, bakin teku a ƙasar Beljiyam, tun kafin a gwada wannan dabara a kan mutum.