Michael Faraday: Ɗan Maƙerin Da Ya Fara Da Kwalba Da Sisin Kwabo

 A wannan fitowar mun ɗauko muku mutumin da duk wanda ya taɓa tayar da janareta, ko ya kunna fanka, ko ya ga tiransifoma a bakin layi, ya ci moriyar aikinsa. Bai yi sakandare ba balle jami'a. A bayan shagon ubangidansa ya fara wasa da lantarki, da kayan da yawancinmu za mu zubar a bola.

Haihuwa da tasowa

An haifi Michael Faraday ranar 22 ga Satumba, 1791, a Newington Butts, wadda yanzu take cikin kudancin birnin Landan a Ingila. Mahaifinsa James maƙeri ne, amma yawan rashin lafiya ya hana shi aiki sosai. Shi ne na uku cikin 'ya'ya huɗu. Talaucin gidan ya kai ga akwai lokacin da ake ba shi burodi guda ya lallaɓa shi mako ɗaya. Abin da ya samu a makaranta bai wuce karatu da rubutu da ɗan lissafi ba.

Yana da shekara 13 ya zama yaron aike a shagon George Riebau, mai sayar da littattafai da ɗinka su. Aikinsa na farko kai wa mutane jarida gida-gida. A 1805 ubangidan ya ga natsuwarsa, ya ɗauke shi koyon ɗinkin littattafai na shekara 7.

Yadda ya fara

Sauran yara suna ɗinka littafi su miƙa. Shi kuwa sai ya karanta abin da ke ciki. Wata rana aka kawo babban kundin ilimi na Britannica, ya buɗe babin lantarki, daga nan abin ya shiga ransa. Ya kuma karanta littafin Jane Marcet a kan ilimin sinadarai, wanda aka rubuta don masu farawa.

Bambancinsa da sauran masu karatu shi ne ba ya yarda da abin da littafi ya faɗa sai ya gwada da hannunsa. Da tsohuwar kwalba da katako ya haɗa na'urar da ke tara lantarki idan an goga gilashi, irin abin da ke faruwa idan ka goga biro a gashin kanka ya ɗauki guntun takarda. Daga 1810 ya riƙa zuwa laccocin wani mai suna John Tatum da dare, wansa Robert ne ke biya masa sule ɗaya na shiga.

A 1812 ya haɗa batir ɗinsa na farko. Ya samo sisin kwabo guda 7 na tagulla, ya yanka faifan tutiya guda 7 daidai girmansu, ya jiƙa guntayen takarda 6 a ruwan gishiri. Ya jera su bisa juna: tagulla, tutiya, jiƙaƙƙiyar takarda, haka har sama. Da ya haɗa waya a ƙasa da sama, lantarki ya gudana, har ya raba wani sinadari da shi. Ruwan gishirin ne ke cin tutiyar a hankali, wannan ne kuma ke tura lantarkin cikin waya. Batir ɗin tocilan ma a kan irin wannan hikima yake aiki.

Ƙofa ta buɗe

A shekarar ce wani mai hulɗa da shagon, William Dance, ya ba shi tikitin sauraron laccocin Humphry Davy, babban masanin sinadarai na cibiyar kimiyya ta Royal Institution. Faraday ya halarci huɗu. Ya rubuta duk abin da ya ji, ya zana hotunan kayan gwajin, ya ɗinke su suka zama littafi mai shafi kusan 300, ya aika wa Davy tare da roƙon aiki. Sana'ar hannunsa ce ta yi masa iso.

A farkon 1813 aka kori wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje saboda faɗa, Davy ya tuna da mai littafin nan. Aka ɗauke shi yana wanke kwalabe da shirya kayan lacca. A watan Oktoba ya bi Davy zagayen ƙasashen Turai har zuwa 1815. Ya ga Ampère a Faris, ya ga Volta, wanda ya ƙirƙiro batir, a Italiya. Tafiyar ba ta yi masa daɗi duka ba, don matar Davy ta ɗauke shi bara, ba ta son ya zauna cin abinci tare da su. Ya daure, ya dawo da ilimin da ba a samu a aji.

Waya da maganaɗisu

A 1820 wani masani ɗan Danmak, Hans Christian Oersted, ya lura cewa allurar kamfas tana karkata idan lantarki na bi ta wayar da ke kusa da ita. A Satumbar 1821 Faraday ya kafa maganaɗisu a tsakiyar kofi mai zaiba, ya rataya waya bakinta na taɓa zaibar. Da ya haɗa batir, sai wayar ta riƙa zagaya maganaɗisun ba tsayawa. Wannan ne mafarin motar lantarki, wadda ke juya fanka da injin ban ruwa a yau.

Nasarar ta zo da ɓacin rai. An zarge shi da ɗaukar tunanin wani masani, William Wollaston, kuma Davy da kansa ya yi adawa da shigarsa ƙungiyar manyan masana ta Royal Society. Duk da haka aka zaɓe shi a 1824.

Tambayar da ta tsaya masa ita ce: tunda lantarki na haifar da maganaɗisu, shin maganaɗisu zai iya haifar da lantarki? Ya gwada sau da yawa bai dace ba. Ranar 29 ga Agusta, 1831, ya ɗauki zoben ƙarfe mai faɗin inci 6, ya naɗa wayar tagulla a gefe guda, ya naɗa wata dabam a ɗaya gefen, ya raba su da zare da ƙyalle don kada su taɓa juna. Ta farko ya haɗa da batir, ta biyu da allurar auna lantarki. Allurar ta motsa a daidai lokacin da ya haɗa batir, sai ta koma ta kwanta. Da ya cire, ta sake motsawa ta ɗaya ɓangaren.

Wani zai ce gwajin bai yi ba, tunda allurar ba ta tsaya a karkace ba. Faraday ya gane cewa a nan amsar take: canjin ƙarfin maganaɗisu ne ke haifar da lantarki, maganaɗisun da ke zaune shiru ba ya haifar da komai. A watan Oktoba ya tabbatar da haka, ya zura maganaɗisu cikin naɗin waya ya zaro, allura na kaiwa da komowa. Zoben nan shi ne kakan tiransifoma. Motsa maganaɗisu kusa da waya kuwa shi ne aikin kowane janareta, daga ƙaramin mai shago har manyan injinan madatsar Kainji.

Halinsa da ƙarshen rayuwarsa

Ya auri Sarah Barnard a 1821, ba su haihu ba. Amma yara sun samu rabo a wurinsa: laccocin ƙarshen shekara na matasa da aka fara a cibiyarsu a 1825, shi ya gabatar da su sau 19, kuma har yau ana yin su. Bai ƙware a lissafi mai zurfi ba, sai daga baya James Clerk Maxwell ya zuba tunaninsa cikin ƙa'idojin lissafi. Sau biyu ya ƙi shugabancin Royal Society, ya kuma ƙi taimaka wa gwamnati haɗa makami mai guba a Yaƙin Kirimiya.

Daga 1839 mantuwa ta fara damunsa. Abin da ya taimake shi shi ne ɗabi'ar rubuta kowane gwaji da lamba, wanda ya yi da wanda bai yi ba, har lambobin suka haura 16,000. Ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1867, yana da shekara 75, a gidan da Sarauniya Biktoriya ta ba shi a Hampton Court. Aka binne shi a maƙabartar Highgate.

Ga mai son farawa

Idan ka buɗe tsohuwar rediyo za ka ga wasu 'yan gwangwanaye masu ƙafa biyu, kapasita ke nan. Harafin F da ke jikinsu farad yake nufi, ma'aunin da aka sa wa sunan Faraday.

Kai ma, ke ma, za ku iya farawa yadda ya fara. Ku naɗa waya mai rufi a jikin ƙusa, ku haɗa da batir ɗin tocilan na ɗan lokaci, ku ga ta ɗauki allura. Ku ƙara naɗin, ku ƙirga bambancin, ku rubuta a littafi. Sai dai a kiyaye: ba a koyo da wutar soket, ba a taɓa zaiba domin guba ce, ba a kuma buɗe tsohon talabijin, don kapasitarsa na iya riƙe wuta ko an kashe shi. Abin da ya shige muku duhu, ku kai wa malamin kimiyya. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.